Golf GTI da ire-irenta: Abin da mai sayen motar farko ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗi

A cikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su Najeriya daga Turai da Amurka, akwai wani rukuni da ya fi ɗaukar hankalin matasa: ƙananan motoci masu guntun baya, waɗanda murfin but ɗinsu ke buɗewa tare da gilashin baya kamar ƙofa, aka kuma sanya musu inji mai ƙarfin da ya zarce girman jikinsu. Volkswagen Golf GTI ce ta fi suna a cikinsu, sai Honda Civic Type R, Ford Focus ST, Mini Cooper S, Peugeot 206 GTi da Toyota Matrix XRS.

Abin da ke jan matashi zuwa gare su a bayyane yake. Suna da gudu, suna da kyau a ido, suna shiga lungu, kuma idan suka tsufa kuɗinsu yakan faɗi ƙwarai. Sai dai faɗuwar kuɗin mota ba ya rage kuɗin riƙe ta. Motar da aka ƙera don gudu tana buƙatar kulawar motar gudu, ko da shekarunta sun kai ashirin. Shi ya sa lafiyar irin wannan mota ta fi dogara ga yadda masu ita na baya suka riƙe ta, fiye da sunan kamfanin da ke manne a goshinta.

Daga ina suka samo asali?

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf ta farko a 1974, da zanen Giorgetto Giugiaro ɗan ƙasar Italiya, domin ta gaji Beetle, motar da aka riƙa haɗawa a Legas daga tsakiyar shekarun 1970. Wasu injiniyoyin kamfanin ne suka ɗauki wannan motar iyali suka ƙara mata ƙarfi, aka nuna ta a bajekolin motoci na Frankfurt a watan Satumba na 1975, aka fara sayar da ita a 1976 da sunan Golf GTI. Injinta lita 1.6 ne, mai ƙarfin doki 110, nauyinta kuma bai wuce kilo 810 ba. Kamfanin ya yi niyyar ƙera guda 5,000 kacal, amma kafin a daina wannan samfuri an sayar da fiye da 460,000.

Wannan nasara ta sa sauran kamfanoni suka bi sahu. Peugeot ta fito da 205 GTI a 1984, wadda har yau ake sanya ta cikin mafi daɗin tuƙi a wannan rukuni. A farkon shekarun 1990 kasuwarsu ta ja baya a Birtaniya, saboda yawan satar su da haɗurran da matasa ke yi da su ya sa kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi. Sun farfaɗo a farkon wannan ƙarni, kuma motocin wancan lokaci, daga wajen 1998 zuwa 2015, su ne yau suka cika filayen dillalai a Afirka ta Yamma.

Me ya sa tsofaffi ne ke zuwa nan?

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoba na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka, kashi 40 cikin ɗari. Rahoton ya koka da cewa yawancin ƙasashen da ke karɓar motocin ba su da ƙa'idoji masu ƙarfi na tantance lafiyarsu.

A Najeriya, manufofin gwamnati sun ƙara ingiza mai saye zuwa ga mota mafi tsufa. An haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017, abin da ya taɓa tsohuwar hanyar Kwatano. A 2022 hukumar kwastan ta fara ƙididdige haraji ta hanyar lambar jikin mota, har wakilan fito a tashoshin Legas suka yi yajin aiki. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin mota da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi. Sakamakon haka, matashin da a baya zai iya sayen 'yar Beljiyom da aka sauke daga jirgi, yau sau da yawa sai dai ya nemi wadda ta riga ta yi hannu biyu ko uku a cikin gida.

A da yawa daga cikin ƙasashen da aka ƙera motocin, doka ta tilasta a riƙa kai su gwajin lafiya lokaci-lokaci, kuma akan ajiye tarihin gyaransu a rubuce. A kasuwar hannu ta Najeriya da wuya a miƙa wa mai saye irin wannan tarihi. Shi ne mai bincike, shi ne kuma zai ɗauki asarar idan binciken ya gaza.

Samfuran Golf GTI da inda kowanne ya fi ciwo

Golf 3 GTI, daga 1991. Injinta na lita 2.0 mai bawul 8 yana da ƙarfin doki 115, mai bawul 16 kuma 150. Ita ce mafi sauƙin sha'ani a cikinsu: babu turbo, wayoyinta kaɗan ne, kuma da yake Golf 3 ta daɗe tana aikin haya a hanyoyin Arewa, kusan kowane gareji ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna nan a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Matsalarta tsufa ne. Kowace Golf 3 ta kusa shekara talatin ko ta haura, tsatsa ta ci ƙasan da yawa daga cikinsu, robobi da wayoyi sun bushe, kuma kariyar da take bai wa mutum idan an yi karo ba ta kai ta motocin da suka biyo bayanta ba.

Golf 4 GTI, daga 1998. Wadda ake nema ita ce mai inji 1.8T, wato mai turbo, da ƙarfin doki 150, daga baya kuma 180. Injin yana da ƙwari idan ya samu baƙin mai mai kyau. Abubuwan da aka fi sanin ta da su sun haɗa da mutuwar koyil ɗin fulogi, lalacewar na'urar auna iskar da ke shiga inji, karyewar robar da ke riƙe gilashin ƙofa, da famfon ruwa mai farfelar roba wadda kan tsage ta daina tura ruwa. Kaskon baƙin manta na alminiyom ne, yana kuma kusa da ƙasa, don haka tudun rage gudu ɗaya na iya fasa shi. A wasu kasuwannin Turai an manna tambarin GTI a kan Golf 4 masu inji marar turbo, don haka tambari kaɗai ba shaida ba ne.

Golf 5 GTI, daga 2004. Ita ce ta dawo wa sunan da martabarsa. Injinta lita 2.0 ne mai turbo, ƙarfin doki 200, tana kai kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa bakwai da 'yan kai, ƙarshen gudunta kuma wajen kilomita 235 a sa'a. A cikin injin akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin kwalba, da ke tsakanin famfon fetur mai matsi da sandar da ke buɗe bawul. Yana cinyewa a hankali. Idan aka duba shi aka canza a kan lokaci, ƙaramin aiki ne. Idan ya huje, zai ci sandar da famfon gaba ɗaya. Bawul ɗin da ke sakin iskar turbo da wanda ke fitar da tururin baƙin mai su ma kan yage, motar ta rasa ƙarfi ko ta riƙa karkarwa a tsaye.

Golf 6 GTI, daga 2009. Ƙarfin dokinta 210 ne a samfurin Turai, kuma an maye bel ɗin taimin da sarƙa. Sarƙar ya kamata ta daɗe, amma abin da ke ɗaure ta a samfuran farko yakan saki, sarƙar ta yi tsalle, injin ya lalace nan take. Kamfanin ya sake fasalin abin a wajen 2012, kuma a Amurka masu motoci sun kai ƙara a kan matsalar har aka yi sulhu a 2018. Wanda zai sayi Golf 6, ko Golf 5 ta Amurka ta ƙarshe-ƙarshe wadda ke da irin wannan inji, tambayarsa ta farko ita ce ko an sanya sabon samfurin maɗaurin. Ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙu idan aka tayar da injin da safe alama ce da ba a wasa da ita.

Golf 7 GTI, daga 2013. Ƙarfin doki 220, ko 230 a samfurin da aka ƙara wa kaya. An gyara yawancin kurakuran baya, amma gidan famfon ruwa na roba yakan yi yoyo, kuma turbo na wasu motocin shekarun farko ya ba da matsala. Ta fi sauran lafiya, ta kuma fi su tsada nesa ba kusa ba.

Sauran 'yan rukunin

Honda Civic Type R ta 2001 zuwa 2005, wadda aka ƙera a Swindon ta Ingila, tana ba da ƙarfin doki 200 ba tare da turbo ba, kuma injinta na cikin masu juriya. Tana shan baƙin mai idan ana matsa mata, don haka dole a riƙa duba sandar awo. Ford Focus ST ta 2005 tana ɗauke da injin Volvo mai silinda biyar, lita 2.5, ƙarfin doki 225. Inji ne mai ƙwari amma mai shan fetur. Mini Cooper S daga ƙarshen 2006 da Peugeot 207 mai turbo suna amfani da inji iri ɗaya, lita 1.6, wanda BMW da Peugeot suka ƙera tare, kuma samfuransa na farko sun yi ƙaurin suna wajen matsalar sarƙa, famfon fetur da shan baƙin mai. Ba su dace da mai ƙaramin aljihu ba. Suzuki Swift Sport ta farko, mai ƙarfin doki 125 kuma marar turbo, na cikin mafi ƙarancin rigima, sai dai kayan gyaranta ba su yawaita a kasuwannin Najeriya ba.

Akwai kuma wadda mutane da yawa ba su san tana cikin rukunin ba: Toyota Matrix XRS ta 2003 zuwa 2006 da tagwaiyarta Pontiac Vibe GT. Injinsu na lita 1.8, wanda Toyota ta ƙera da taimakon Yamaha, ya fito da ƙarfin doki 180 a farko. Da yake Matrix da Vibe sun cika titunan Najeriya, kayan ƙafa da na jiki ba sa wahalar samu. Injin ne ya bambanta da na Corolla da aka saba, kuma wajibi ne mai saye ya tabbatar ba a musanya shi da na gama-gari ba.

Abubuwa biyar da ke kashe irin waɗannan motoci

Na farko, bel ko sarƙar taimin. Ita ce ke daidaita motsin fistin da na bawul. A kusan duk waɗannan injina, idan bel ya tsinke ko sarƙa ta yi tsalle, fistin zai doki bawul, aikin ya koma na sauke inji. Golf 3, Golf 4, yawancin Golf 5, Focus ST da Peugeot 206 bel suke amfani da shi. Wa'adin da kamfanoni suka rubuta ya bambanta, amma roba tana tsufa da shekaru ko da motar ba ta yi tafiya ba, zafi kuma yana gaggauta hakan. Ƙa'idar da ƙwararrun kanikawa ke bi ita ce: idan babu takardar da ta nuna ranar da aka canza bel, a ɗauka ba a canza ba. Akan canza shi tare da famfon ruwa da tayoyin da ke ɗaure shi a aiki ɗaya.

Na biyu, baƙin mai. Turbo yana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti ɗaya, cikin zafin hayaƙin inji, kuma siririn baƙin mai ne kaɗai ke raba ƙarfe da ƙarfe a cikinsa. Volkswagen ta tanadi ma'auninta, VW 502 00 ko VW 504 00, wanda ake rubutawa a jikin galan, kuma yawanci mai ne mai lamba 5W-40 ko 5W-30. Al'adar zuba mai kauri, 20W-50, a kowace mota da sunan cewa ƙasar zafi ce, tana cutar da waɗannan injina, domin mai kauri yana jinkirin isa turbo da maɗaurin sarƙa idan an tayar da mota. A Turai an yarda wasu motocin su yi har kilomita 30,000 kafin a juye mai. Wannan wa'adi na titi mai tsabta ne da yanayi mai sanyi. Inda ake da ƙurar hunturu, zafin bazara da cunkoso, rage shi zuwa ƙasa da kilomita 10,000 ya fi aminci. Jabun mai kuma ya yawaita, don haka inda aka saye shi yana da muhimmanci kamar lambar da ke jikinsa.

Na uku, ruwan lagireto. An saba a garejoji da yawa a cire na'urar da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan famfo. Motar za ta daina nuna zafi na ɗan lokaci, amma ainihin ciwon, ko yoyo ne ko toshewar lagireto ko mataccen famfo, yana nan. Injin da bai kai zafin aikinsa ba yana ƙara shan fetur, ruwan famfo kuma yana cin alminiyom yana tara gishiri a hanyoyin ruwa. Motocin Volkswagen na waɗannan shekaru suna buƙatar ruwan sanyaya inji mai lamba G12 ko G13, gauraye da tataccen ruwa. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa kan silinda.

Na huɗu, fetur. An ƙera waɗannan injina don fetur mai lambar oktan 95 zuwa sama, wasu ma 98 aka fi so. A Turai direba yana zaɓar ajin man da zai sha. A yawancin gidajen man Najeriya aji ɗaya ne. Kwamfutar motar tana iya rage ƙarfin inji don ta kare shi, amma kariyar tana da iyaka, musamman a tsakar rana da cikakken totur. Daga Golf 5 zuwa sama ana fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai yawa, abin da ya sa nozul da famfo ba sa jure datti. Gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi a watan Fabrairun 2022, wanda kamfanin NNPC ya tabbatar da shi, ya nuna cewa wannan haɗari ba zato ba ne. Irin wannan fesawa kuma tana barin baƙin dauɗa ya taru a bayan bawul ɗin shigar iska, sai an buɗe an kankare shi bayan wasu shekaru.

Na biyar, giya. Golf 5 da 6 masu otomatik suna da giyar DSG, wadda a haƙiƙa giyar manuwal ce mai kuloci biyu da kwamfuta ke sarrafawa. Tana buƙatar a canza manta na musamman da matacinta duk kilomita 60,000. Idan aka yi sakaci, ko aka zuba mata man otomatik na gama-gari, ƙwaƙwalwar giyar kan lalace, kuma masu iya gyara ta kaɗan ne a wajen manyan birane. Ga mai sayen motar farko, manuwal ta fi rufin asiri.

Ƙafa da titi

An saukar da waɗannan motoci kusa da ƙasa don su kama titi a kwana. Golf 5 GTI ta fi sauran Golf gajarta da milimita 15. Tayoyinta masu inci 17 ko 18 siraran gefe ne, ramin da babbar taya za ta shanye yana iya fasa su ko ya lanƙwasa rim. Shokazoba, bushin da sandunan sitiyari sukan mutu da wuri a kan titi mai ramuka. Wanda hanyar gidansa ba ta da kwalta, ko take cika da ruwa da damina, ya kamata ya yi wannan lissafi tun kafin ya je wurin dillali. Komawa rim mai inci 17 daga 18 yana rage asara. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya a ƙarƙashin motar da ke iya wuce kilomita 200 a sa'a ganganci ne.

Binciken da ake yi kafin a biya

A je ganin mota da safe, a kuma nemi kada a tayar da ita kafin a iso. Injin da ya kwana shi ke faɗin gaskiya: ƙarar sarƙa, shuɗin hayaƙi mai nuna ƙonewar baƙin mai, ko farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, duk a lokacin suke fitowa.

Idan aka murɗa makulli kafin inji ya tashi, dole fitilun gargaɗi na inji, na birki da na jakar iska su kama, sa'an nan su mutu bayan ya tashi. Fitilar da ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ne don a ɓoye matsala. A sa na'urar bincike ta kwamfuta, a kuma duba ko an goge bayanan kurakurai kwanan nan.

A gwada lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke jikin ƙofa da ta takardu. Idan motar daga Amurka ta fito, da wannan lamba ake gano ko kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin asara saboda haɗari ko ambaliya, har da hotunan gwanjonta a wasu lokuta. Motar da ruwa ya ci ba ta warkewa: a ɗaga kafet, a shinshina, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Da lambar ce kuma ake duba ko motar na cikin waɗanda aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ta shafi miliyoyin motocin Honda, Toyota da wasu.

A motocin Volkswagen akwai farar takarda manne a cikin but kusa da safaya taya, mai ɗauke da lambar inji. AGU, AUM ko AUQ na nufin 1.8T na Golf 4. AXX, BWA ko BPY na Golf 5 mai bel. CCZB na Golf 6 ta Turai. Idan lambar da ke jikin injin ta saɓa da wannan, an yi musanya.

A duba ko an mayar da sitiyari daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma motocin Birtaniya sitiyarinsu a dama yake. Juyin da aka yi da walda a gareji yana taɓa sitiyari, birki da wayoyi a lokaci ɗaya. Gogen gilashi da ke sharewa ta ɓangaren fasinja, da dashbod mai alamun yanka, sukan tona asiri.

A leƙa ƙarƙashi a ga ko matacin hayaƙi da kanikawa ke kira indomi yana nan, domin akan cire shi a sayar saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa. A guji motar da aka taɓa kwamfutarta don ƙarin gudu, ko aka sa mata salansa mai ƙara da yankakkun sifirin. Alamu ne na irin rayuwar da ta yi. A ƙarshe, a tabbatar da takardun kwastan da na mallaka, kuma bakaniken da zai duba motar ya zama na mai saye, wanda ba shi da kaso a cinikin.

Lissafin aljihu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba duk abin da aka tara a kan kuɗin saye. Tsohuwar mota irin wannan tana buƙatar babban sabis a makon farko: baƙin mai da matatai, fulogi, ruwan lagireto, man birki wanda ake canzawa duk shekara biyu, man giya, da bel ko maɗaurin sarƙa. Wanda kuɗinsa ba zai ɗauki motar da wannan aiki tare ba, motar ta fi ƙarfinsa tukuna.

Sai fetur. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Tankin Golf 5 lita 55 yake ci. A farashin naira 1,000, cika shi sau ɗaya naira 55,000 ne, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. A cikin gari irin wannan mota takan sha fiye da lita 10 a kowane kilomita 100. Inshorar dole ta kare wanda aka yi wa ɓarna ita ma ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, kuma ba ta biyan ko sisi na gyaran motar mai ita. Kayan gyara kuwa da dala ko yuro ake sayo su, ko a Ladipo ta Legas aka same su ko a Apo ta Abuja.

Batun rai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Iyakar gudun ƙaramar mota a Najeriya kilomita 50 ne a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Golf 5 GTI tana ninka mafi girman cikinsu fiye da sau biyu. Sabon direba bai riga ya san yadda mota ke yi idan taya ta fashe ko dabba ta ratsa titi ba, kuma ƙarfin inji yana rage masa lokacin gyara kuskure. A gwajin karo na hukumar Euro NCAP, Golf 4 ta samu tauraro huɗu, Golf 5 ta samu biyar, amma wannan sakamako na motar da jakunkunan iskarta, bel ɗin kujerunta da na'urar hana santsi ke aiki ne. A motar da ta taɓa haɗari aka rufe gurbin jakar iska da fanko, taurarin sun tafi.

Wace ce ta dace da mai farawa?

Idan aka jera su bisa sauƙin riƙo, masu inji marar turbo da giyar manuwal ne a gaba, musamman waɗanda 'yan uwansu suka yawaita a titi, kamar Matrix XRS, ko Golf 3 da tsatsa ba ta ci ba. Golf 4 mai 1.8T da Golf 5 manuwal suna biye, ga wanda ke da bakaniken da ya san Volkswagen yana kuma da na'urar bincike. Golf 6 da ba a canza wa maɗaurin sarƙa ba, duk wata DSG marar tarihin sabis, da Mini ko Peugeot masu injin 1.6 turbo na farko, sun fi dacewa da wanda ke da wata motar a gida da rarar kuɗi a ajiye.

A tsakanin motoci biyu kuwa, wadda ta yi tafiya mai yawa amma mai ita ya ajiye rasiɗan mai, bel da giya, ta fi wadda agogonta ke nuna tafiya kaɗan ba tare da takarda ko ɗaya ba, domin agogo ana iya mayar da shi baya, fenti kuma ana iya sabunta shi a kwana biyu. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma a wannan kasuwa rasiɗi da binciken bakanike ne ke nuna nagarin.